"Duk Ɗaya Ne": Maganar da Ta Cinye Mana Kuɗin Furojek

Yanzu haka da nake wannan rubutu, akwai wasu 'yan ƙarafa guda biyu a aljihun jakata. Kowanne tsawonsa bai kai santimita 6 ba, kaurinsa kamar na ɗan yatsa. Lafiyarsu ƙalau, sababbi ne fil, amma ba su taɓa yi mana aikin ko sisi ba. Mu bakwai muka yi karo-karo muka saye su, cikinmu har da wanda ya koma shan garin kwaki na sati biyu don ya cika nasa kason. Ana ce musu SFP. A kansu nake son mu tattauna, kuma kafin 'yan sashen Akanta da na Saye da Samar da Kaya su buɗe shafi na gaba, ku ɗan dakata, akwai rabonku a ciki.

Ga wanda bai sani ba, na'urar da ke rarraba intanet a cikin gini, wadda muke kira suwici, da lantarki take magana. Wayar faiba kuwa zaren gilashi ce, haske kawai take ɗauka. To dole a samu tafinta a tsakani, kuma tafintan shi ne SFP. Ana zura shi a wani ɗan rami a jikin suwici, sai a soka wayar faiba a bakinsa. Gefe ɗaya yana da fitilar leza mai aika haske, ɗaya gefen yana da ido mai karɓa. Duk inda ka ga intanet ya tsallaka ta faiba daga laburare zuwa wani gini mai nisa, akwai irin waɗannan 'yan ƙarafa biyu suna ƙyafta wa juna ido sau fiye da biliyan a daƙiƙa guda.

Kamfanonin da ke ƙera su sun daɗe da yin yarjejeniya a tsakaninsu kan girma da siffa, don na kowa ya shiga ramin kowa. Abin alheri ne, amma a nan tarkon yake. Mai tafiyar mita 550 da mai tafiyar kilomita 70 siffarsu ɗaya. Mai gudun gigabit 1, da mai 10, da mai 25, duk rami iri ɗaya suke shiga, su yi ƙas su zauna daram. Idan ka jera su a kan tebur ka rufe 'yar takardar da aka manna musu, ko malaminmu sai ya yi canki-canka.

Furojek ɗinmu mai sauƙi ne a takarda. Akwai wayar faiba da wani ɗan kwangila ya binne shekarun baya tsakanin lab ɗinmu da wani gini, nisan kamar mita 700, ba a taɓa kunna ta ba. Malaminmu ya ce mu raya ta, mu nuna bayanai suna wucewa, mu rubuta rahoto. Sashe ya ba mu aron suwici biyu. SFP kawai za mu saya. Aka wakilta ni da wani abokina muka shiga gari. Mai shagon ya zube mana kusan kala biyar a kan gilashi, farashi daban-daban. Na tambaye shi bambancinsu. Ya ce, "Injiniya, duk ɗaya ne, suna ne kawai. Wannan ma shi ya fi tafiya a kasuwa." Ya kira ni injiniya, kaina ya kumbura. Har gwadawa ya yi a gabanmu: ya ɗauko wata 'yar gajeriyar waya ruwan goro, ya haɗa biyun, koriyar fitila ta kama. Muka biya mafi araha, muka sha lemo da canjin.

Da muka dawo muka soka, shiru. Kwana uku muka yi a kai. Ranar farko ɗan kwangila muka zaga, muka ce ɓera ya cinye wayar a ƙasa. Rana ta biyu muka koma kan suwici, muka goge saitinsa muka sake har sau huɗu. Rana ta uku muka fara kallon juna, har wani ya tambaye ni, cikin wasa mai kama da gaske, ko da gaske kuɗin da na faɗa na biya. An bar jaki ana dukan taiki. Da la'asar ɗin ranar ce dattijon da ke kula da kayan lab, wanda duk muke kira Baba, ya gaji da hayaniyarmu ya taso. Ya zare SFP ɗin, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, idona ya yi rauni, karanta mini abin da aka rubuta a nan." Na karanta: SX, 850. Ya buɗe akwatin bango inda wayar ta fito, ya jawo wani siririn zare rawaya, ya ce, "To karanta wannan kuma." Na karanta: 9/125. Ya ce, "Allah ya shirye ku. Kun sayo wa raƙumi takalmin doki." Ya koma kujerarsa. Mai shago kuwa ya ce an buɗe leda, ba a mayarwa.

Ra'ayin da nake karewa a nan shi ne abin da Baba ya nuna mana a tsaye cikin minti biyu: zaɓen SFP daga wayar da ke ƙasa ake fara shi. Wanda ya tafi kasuwa bai san wace waya ce a binne ba, bai san nisanta ba, bai san sunan suwicin da zai soka a ciki ba, caca ya je yi, ko da kuwa yana aji biyu na HND.

Wayar faiba iri biyu ce babba. Akwai wadda muke kira singil, wadda hanyar hasken da ke tsakiyarta faɗinta kusan maikuron 9 ne kacal, ta fi silin gashi siranta sau da yawa. Akwai malti, mai faɗin maikuron 50 ko 62.5. Daga waje kaurin gilashin ɗaya ne, 125, shi ya sa ake rubuta 9/125 ko 50/125 a jikin rigar wayar. A al'ada singil rawaya ce, tsohuwar malti ruwan goro, sabuwar malti kuma shuɗi mai haske. Na ce a al'ada, domin wayar da ake binnewa a waje yawanci baƙa ce ƙirin, sai ka buɗe akwati ko ka karanta rubutun jikinta. Kala tana taimakawa, amma rubutu shi ne shaida.

Su ma SFP ɗin haka suke rabe. SX yana aika haske a zangon nanomita 850, an yi shi don malti, kuma iyakarsa mita 550 a kan mai faɗin 50. A kan tsohuwa mai 62.5 ma bai wuce 220 zuwa 275 ba. LX yana aikawa a zangon 1310, an yi shi don singil, yawancin na kasuwa suna kai kilomita 10. Maganar zango ba baƙuwa ba ce a gare mu. Kowa ya taɓa ganin kakansa yana murɗa rediyo yana neman tasha a gajeren zango. Idan tasha tana kan wata mita kai kana kan wata, sai dai ka ji shuu. Haka SX da LX suke, ba sa jin juna. Mu kuma laifinmu biyu ne a haɗe: mun tura haske mai faɗi cikin hanya mai maikuron 9, kaɗan ne ya shiga, sannan mun nemi ya yi tafiyar mita 700, wadda ko a kan wayarsa ta gado ba a yi masa alkawarinta ba. Gwajin mai shago bai yi ƙarya ba. Wayarsa malti ce, tsawonta mita ɗaya. Tambayar da ba mu yi ba ita ce, shin irin wayarmu ce?

Kuma kada wani ya ce sunayen za su cece shi. A kayan Cisco akwai GLC-SX-MMD, akwai GLC-LH-SMD. Ka karanta su da sauri a waya, cikin hayaniyar kasuwa, ka gaya mini ko wanda ke ɗaya ɓangaren zai rubuta daidai. Haruffa uku ne tsakaninsu, kuma haruffan nan uku su ne tsakanin mita 550 da kilomita 10. Hausawa sun riga sun gama magana: kama da wane ba ta wane.

Idan aka hau gudun gigabit 10, inda ake kiran na'urar SFP+, abin ya ƙara tsanani. SR, wato ɗan'uwan SX a wannan aji, yana kai mita 300 a kan malti mai daraja OM3, mita 400 a kan OM4, amma a kan tsohuwar OM1 mita 33 kawai. Ku sake karantawa: 33. Wato ma'aikatar da aka yi wa wayar ruwan goro shekaru goma sha da suka wuce, ta ce yau za ta ƙara gudu ta hanyar sauya SFP kawai, tana iya sayen kaya masu tsada su ƙi kaiwa ƙarshen baranda. Sannan ramin gigabit 1 ba ya ɗaukar SFP+ ko da ya shiga lafiya lau. Akasin haka, wato saka mai gigabit 1 a ramin 10, sau da yawa yana yi, amma sai ka duba takardar suwicin, wani lokaci sai ka saita gudun da hannu. Kuma ɓangarorin biyu dole gudunsu ya zo ɗaya.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne BiDi, mai aiki da zare ɗaya tal maimakon biyu. Shi kam idan ka sayo guda biyu iri ɗaya sak, ka yi asara. Ɗaya yana aikawa a 1310 yana saurare a 1490, abokinsa yana aikawa a 1490 yana saurare a 1310. Ana sa wa ɗaya harafin U, ɗaya D, wasu kamfanonin kuma A da B. Mace da namiji ake saye. Akwai kuma masu amfani da 1310 da 1550, don haka ko "BiDi ne ai" ba ta isa amsa ba. Ga shi ya dace da mu sosai, domin sau nawa ake tona hanya a tsinke waya, a gyara a samu zare ɗaya ne kawai ya rage lafiyayye?

To, da labarinmu ya bazu a aji, sai wani abokinmu mai son girma ya ce, "Ai da ni ne, mafi ƙarfin zan saya, mai kilomita 70, in huta." Wannan tunanin ya fi namu haɗari, kuma ya zama ruwan dare. Muna da ɗabi'ar ganin cewa babba shi ne mai kyau: babban janareta, babbar batir, babban komai. A faiba lissafi ake yi. Ana auna ƙarfin haske da dBm, kuma duk raguwar 3 dB na nufin rabin hasken ya tafi. LX irin na Cisco da na ambata yana aikawa tsakanin −9.5 da −3, idonsa kuma yana gani har zuwa −20. Ko a mafi raunin aikawarsa kana da sararin 10.5 dB. Singil tana cin kusan 0.35 dB a kowace kilomita a zangon 1310, kowane mahaɗi kuma yana ɗan cin nasa, a ce rabin dB. Wayarmu ta mita 700 da mahaɗanta duka da ƙyar za ta ci 2 dB. LX ya ishe mu har da ragowa mai yawa.

Shi kuwa ZX, mai dogon zangon, yana aikawa a 1550 da ƙarfi tsakanin 0 da +5, alhali idon da ke karɓa ba ya jure abin da ya wuce −3. An ƙera shi ne da tsammanin hasken zai gaji a hanya kafin ya iso. Ka sa shi a kan mita 700, ka zama mai ɗaukar lasifikar masallacin Juma'a ya kafa a kunnen wanda ke zaune kusa da shi. Bayanai za su riƙa zuwa da kurakurai, idon ma yana iya lalacewa. Shi ya sa kamfanin da kansa ya ce a ɗan gajeren nisa a saka wata 'yar na'ura mai rage haske a tsakani. Ka ga kenan ka biya kuɗi mai yawa don ƙarfi, ka sake biyan wani don a rage maka ƙarfin. Wannan ba hutu ba ne.

Akwai kuma ɓangare na biyu na masu ra'ayin riƙau, masu cewa in ba orijinal ba, kada a taɓa. Da su ma ina da ja. Gaskiya ne kowane SFP yana ɗauke da ɗan ma'ajin bayani a cikinsa, inda aka rubuta sunan mai shi da lambarsa, kuma wasu suwici suna karantawa. Na Cisco da yawa idan suka ga baƙo sai su rufe ramin su ƙi aiki da shi, alhali irin su MikroTik, da masu raba intanet a unguwanni ke yawan amfani da su, ba su cika wannan tsanani ba. Amma abin da masu ra'ayin ba sa faɗa shi ne, manyan kamfanonin suwici da yawa ba su ne ke ƙera SFP da hannunsu ba. Wasu masana'antu ne ke yi musu, a sa suna, farashi ya ninka. Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke sayar da nasu a fili da sunansu, su rubuta maka a ciki cewa na suwici kaza ne, su ba da garanti. Ga ɗalibi, ga ɗan ƙaramin kamfani, ga makaranta mai ƙaramin kasafi, ni ban ga aibu a wannan ba. Inda zan ja baya shi ne banki ko asibiti da ke da yarjejeniyar gyara da kamfanin suwicin, domin ranar da matsala ta taso ana iya ce musu su cire baƙon kafin a saurare su.

Abin gudu na gaskiya shi ne jabu, wato wanda aka manna wa sitikar babban kamfani aka sayar maka a matsayin nasu. Mai sayar da nasa da sunansa yana da fuskar da zai kare. Mai sitikar ƙarya ba shi da ita. Idan aka ce maka orijinal ne amma farashinsa ya yi daidai da na katin waya, to ka san amsar. Soka shi a suwici ka sa ya karanta maka lambar da ke ciki, ka gwada da ta jikin sitika. Minti ɗaya ne.

Sai abu biyu da takardun Turai ba za su tuna maka ba sai ka tuna da kanka: zafi da ƙura. SFP na gama-gari an yi shi ya yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 70, kuma ma'aunin jikin ƙarfen ake nufi, ba na iskar waje ba. Na masana'antu yana jure −40 zuwa 85. Wani zai ce ina mu ina 70? To ka tuna watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda inuwa ma take wuce 40. Ka ɗauki akwatin ƙarfe ka kafe a jikin bango yana kallon rana, ka cusa suwici a ciki yana fitar da nasa zafin, ba fanka, ba na'urar sanyaya ɗaki, ko akwai ma an ɗauke wuta. A irin wannan wuri ƙarin kuɗin na masana'antu halal ne. A ɗaki mai sanyi kuwa ɓarna ce. Nan ma dai wurin ne ke zaɓa maka.

Ƙura kuwa, ku tuna faɗin hanyar maikuron 9 ne. Ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta zauna a bakin waya ta isa ta tare hasken. 'Yan murafan roba da ke zuwa da SFP ba shara ba ne, a bar su a kai har lokacin sokawa. Na ga ɗalibi ya hura bakin waya da bakinsa ya goge da gefen riga, yana ganin ya yi tsafta, alhali man jiki ya ƙara mata. Akwai ɗan alƙalamin gogewa da aka yi don wannan. Kuma don Allah, kada ka leƙa cikin waya ko SFP da ido don ka ga ko "yana kawo wuta". Hasken 1310 da 1550 ido ba ya ganinsa sam, ba zai sa ka ƙyafta ba, kuma ido ba shi da safaya.

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya cancanci a ƙara kuɗi a kansa, zan ce wanda aka rubuta wa DDM ko DOM. Irin wannan yana gaya wa suwici zafin jikinsa, ƙarfin hasken da yake aikawa, da wanda yake karɓa. Da mun san mu duba wannan a ranar farko, da mun ga cewa fitila tana aikawa amma kusan babu abin da ke isowa, da ba mu ɓata kwana uku muna goge saiti ba. Ranar da aka kira ka da dare aka ce layi ya faɗi, shi ne zai gaya maka ko ka ɗauki tsani ko ka zauna a kan kwamfuta.

Yanzu ga rabon 'yan Akanta da 'yan Saye da Samar da Kaya. Gobe ku ne za ku zauna a ofis, takarda ta zo gabanku an rubuta "SFP guda 20", 'yan kwangila uku su kawo farashi, doka ta ce ku duba mafi sauƙi. Idan ba a rubuta irin waya, nisa, gudu, zango da sunan suwici ba, farashin abubuwa uku daban-daban kuke gwadawa kuna zaton abu ɗaya ne. Wanda ya kawo SX zai ci kwangilar kullum, domin shi ya fi araha, kaya su shiga sito, a sa hannu, a biya, ginin kuma ya zauna ba intanet. Ba sata aka yi ba, kowa ya bi ƙa'ida, kuɗin jama'a dai sun tafi. Ba a ce ku koyi dBm ba. Ku dai mayar da takardar, ku ce injiniya ya cike waɗannan gurabe biyar kafin ku nemi farashi, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa sai an gwada a kan ainihin wayar wurin kafin a biya.

Wani zai ce duk wannan surutu a kan ɗan ƙarfe? To ku duba inda ƙasar ta dosa. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku sun sauka a Legas: MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, Equiano na Google a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 da wasu daga cikin wayoyin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ji a jikinsa, har bankuna suka rikice. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasa. Ko rabin wannan aka yi, kowane zare yana da baki biyu, kowane baki yana buƙatar wanda zai zaɓa masa abin da ya dace. Wannan aikin namu ne, 'yan kwalejin fasaha. Hukumar NBTE ma ta raba HND na kimiyyar kwamfuta zuwa fannoni, ciki har da na haɗa kwamfutoci. Kullum muna kukan ana fifita masu digiri a kanmu, muna cewa mu ne masu aikin hannu. To ranar da aka tura ka SIWES, oga ya zube maka SFP biyar ya ce ɗauko na layin reshe, a nan za a gane ko maganar tamu gaskiya ce.

Kuma a nan nake da ƙorafi, ba a kan mai shago kaɗai ba. Mun yi darasin faiba a aji. Na zana singil da malti a jarrabawa, na ci maki mai kyau. Amma ban taɓa riƙe SFP a hannuna ba sai ranar da na je saye. 'Yan kaɗan da ake da su suna kulle a kabad, ana tsoron kada mu ɓata ko su yi ƙafa. Na fahimci tsoron. Sai dai kayan da aka kulle har aka yaye ɗalibai ba su taɓa shi ba, shi ma ya ɓata, ta wata hanyar.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ƙarama ce. A ware wani abu daga kuɗin da muke biya duk shekara a haɗa akwati ɗaya: SX biyu, LX biyu, BiDi mace da namiji, gajerun wayoyi na singil da malti, ma'aunin ƙarfin haske, da alƙalamin gogewa. A ajiye a hannun mai kula da lab, ɗalibi ya ajiye katinsa ya karɓa, ya dawo da shi a ranar. A bar mu mu haɗa SX da LX da gangan mu ga ya ƙi, mu juya zaren aikawa da na karɓa mu ga fitila ta mutu, mu sa yatsa a bakin waya mu ga lamba ta faɗi. Na san za a ce wannan aikin hukumar makaranta ne, kuɗin ƙungiya na walwalar kowa ne, ba na sashe ɗaya ba. Maganar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Amma mun sha ganin abin da ake kashewa a kan kanofi da kujeru da mai kiɗa a makon ɗalibai, wanda da gari ya waye sai shara. Idan majalisa ta ga bai dace ta ɗauki nauyin duka ba, ta ɗauki rabi, ƙungiyoyin sassan kwamfuta da lantarki su cika, sannan ta rubuta wa hukuma ta nemi a buɗe kabad.

Mu dai mun sake karo-karo, muka koma wani shagon da hoton rubutun jikin waya da na suwici a wayata, muka sa aka rubuta a rasit cewa idan bai yi ba za a canza. LX biyu muka ɗauko. Abokina yana can ɗaya ginin, ni ina lab, na soka, kafin in ɗaga waya in kira shi fitila ta koma koriya. Baba ko ɗagowa bai yi ba.

SX ɗin nan biyu kuwa na fasa neman mai saye. Idan majalisa ta amince da maganar akwatin a zamanta na gaba, mu bakwai mun yarda su zama gudummawarmu ta farko, sai a cire su daga lissafi.